Saba'in da Biyu a Ɗebe Talatin da Takwas

Crailsheim, 21 ga Satumba, 2003

Kawu Ortwin,

Gaisuwa mai yawa daga Wiebke, 'yar ƙanwarka Almut, in har ba ka manta da ni ba. Ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan da na ga kana ja ranar jana'izar Inna, ƙanwar taka. Shekara uku ke nan ba mu ji ɗuriyar juna ba, kuma ba zan ɗora maka laifin kai kaɗai ba. Mu dai lafiya lau. Henner maigidana yana nan da tarinsa. Lilonmu mai juyawa yana nan yana ciyar da mu, bana mun yi wa agwagin katako sabon fenti, zakaran nan da Kaka ya sassaƙa kuwa har yau a kansa yara suke dambe. Da waya zan buga maka, amma na san kunnenka, sai in yi ta ihu kana amsa abin da ban tambaya ba.

Maganar Imke ce ta sa na ɗauki biro. Shekararta tara, tana aji huɗu. Ka san rayuwarmu, tunda a cikinta aka haife ka: duk garin da ake biki mu kafa lilo, yarinya ta shiga makarantar garin kwana goma ko sati biyu, malami ya buga hatimi a littafin tafiyarta, mu kwance mu yi gaba. Daga Maris zuwa yau hatimi goma sha tara ne a littafin.

To, Malama Reimers, shugabar makarantar ƙauyen da muke zama da hunturu inda sunan Imke yake a rajista, ta rubuto mini. Ta ce rahoton da ke zuwa mata daga garuruwa ba daɗi, musamman lissafi. A watan Fabrairu za ta gwada ta da kanta. In ta ci, ta wuce aji biyar tare da sa'o'inta. In ba ta ci ba, sai makarantar masu rauni a karatu. Kawu, ni na san abin da wannan yake nufi. Wanda ya shiga can da wuya ya fito.

'Yata ba daƙiƙiya ba ce. Ita ke karanta wa ubanta allunan hanya kafin shi ya hango su. Amma wannan malama ta ce a yi kaza, waccan ta ce ba haka ake yi a jiharmu ba. Rubutun hannu kaɗai iri uku aka koya mata.

A jaridar da muka shimfiɗa ƙarƙashin gwangwanin fenti na ga sunanka, wai kana cikin masu zama don a yi ma'auni ɗaya na lissafi da karatu ga makarantun ƙasar nan gaba ɗaya. To, Malam, rubuto mini: me ake so 'yar shekara tara ta sani? A takarda ɗaya nake so, ba jawabi ba. Muna Fürth har 12 ga Oktoba, ka aiko gidan waya da sunana.

'Yarka,
Wiebke

Marburg, 29 ga Satumba, 2003

'Yata Wiebke,

Na karɓi takardarki, na ji daɗi ƙwarai, ko da yake kin soma da tsokanar kunnena. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, likita ya ce sai an yi aiki bayan sabuwar shekara. Ki gaida Henner, ki ce ya rage taba. Na yi murna zakaran Baba yana raye.

Jarida ta ƙara mini girma. Ni ba kowa ba ne a wurin. An dai gayyaci wasu tsofaffin malamai mu karanta daftari mu faɗi ra'ayinmu, manya su ɗauka ko su watsar. Jihohi goma sha shida, kowace tana ganin makarantarta ce ta fi, kuma ba wadda za ta yarda ta koyi ko fiƙe fensir daga maƙwabciyarta. Zamanmu na baya yini guda muka kashe a kan layi biyu. Saboda haka takarda ɗaya da kike nema babu ita tukuna. Ko an gama, ba za ta fara aiki kafin Fabrairu ba. Gara in faɗa miki gaskiya.

Abin da ke ba ni haushi a zaman nan shi ne, duk waɗanda ke kan teburin ba su taɓa sauya makaranta ba. Yaron da ke zaune wuri ɗaya ba ya sanin wannan wahala. Malama ɗaya, hanya ɗaya, shekara huɗu, shi ke nan ya wuce.

Abu biyu zan roƙe ki. Na farko, ki aiko mini da littattafan lissafin Imke na bana, duk waɗanda suka cika, kada ki yage ko shafi ɗaya. Na biyu, ki yi tunani a kan wannan: tun rasuwar Gudrun matata akwai ɗaki a gidana ba kowa a ciki, makaranta kuma tana bayan gida. In Imke ta zauna a nan zuwa Fabrairu, zan iya zama da ita kullum da la'asar.

Kawunki,
Ortwin

Bremen, 20 ga Oktoba, 2003

Kawu,

Ina gaishe ka, domin an koya mini gaida manya ko raina a ɓace yake. Muna lafiya. Ruwan sama ya hana mu sakat tun da muka iso.

Takardarka ta same ni a Fürth. Kwana goma sha biyu ina ajiye da ita don kada in amsa da zafi, amma zafin bai tafi ba, don haka ga shi. “Yaron da ke zaune wuri ɗaya ba ya sanin wannan wahala.” Madalla! Wato laifinmu ne da muke yawo. Na tambaye ka abin da 'yata za ta koya, ka amsa mini da ɗakin da za ka sa ta. Haba Kawu! Kana ɗan shekara goma sha huɗu ka sauka daga motar lilo ka bi wani limamin coci zuwa makarantar kwana, Kaka bai sake kiran sunanka a wurin cin abinci ba. Kai ka tsira, mun ji. Yanzu kuma tawa za ka zo ka tsirar?

Kuma tunda an buɗe bakin, bari in tuna maka. Shekarar 1978, shekarar da Babana ya kai lilo Holan muka yi wata huɗu a can, ka zo mana Kirsimeti da kwat ɗinka mai kyau. Inna ta miƙa maka littafina tana rawar jiki, ga yayanta malami. Ka zaro jan biro daga aljihu, ka duba shafi ɗaya, ɗaya tak, ka ce, “Almut, yarinyar nan ba ta da kan lissafi. A bar ta ta kama aikin lilo.” Ina ƙarƙashin tebur ina wasa da kare, ka ɗauka ban ji ba. Daga ranar ban sake ɗaga hannu a aji ba.

Ga abin da ya faru shekaranjiya da safe, ka auna da ma'auninku. Rawanin lilo, wato rufinsa na sama, yana da ƙwan lantarki 72. Ruwa ya shiga waya, Henner ya hau tsani ya gwada, ya ce 38 ne suke kamawa. Kafin ya sauko Imke ta ce, “Baba, 34 za ka kawo.” Haka ne kuwa. Na ce mata, “To don Allah me ya sa a makaranta ba kya yin haka?” Na rubuta mata a takarda, 72 a sama, 38 a ƙasa. Ta yi 'yan zane-zanenta, ta rubuta 24. Na ce, “Ke, yanzun nan kika ce 34!” Ta dube ni ta ce, “Mama, wancan na ƙwai ne. Na takarda daban yake fitowa.”

Ni ba zan iya taimaka mata ba, tunda ni ma ba ni da kai.

Littattafan suna cikin wannan ƙunshi, guda biyar. Ba don ni ba, Henner ne ya matsa. Imke kuwa ba inda za ta. Muna Bremen har 2 ga Nuwamba.

Wiebke

Marburg, 27 ga Oktoba, 2003

Wiebke,

Lafiyata ƙalau, sauran gaisuwa ta biyo baya. Maganar ɗaki ki yafe ta, ta yaron da ke zaune wuri ɗaya kuwa, da teburin kwamiti nake faɗa ba da ke ba. Maganar 1978 kuma ba ta takarda ɗaya ba ce. Yanzu ki zauna, ki kira Henner, ku karanta wannan a hankali. Na gano abin da ke damun Imke, kuma ba kanta ba ne.

Rubuta 72 a sama, 38 a ƙasa. Takwas ba ta fita daga biyu. A wasu jihohi ana koya wa yaro aro: ya soke bakwai ya rubuta shida a samanta, biyu ta koma sha biyu. Sha biyu a ɗebe takwas saura huɗu, shida a ɗebe uku saura uku. Amsa 34. A wasu jihohin kuma ba a taɓa bakwai ɗin. Cikawa ake yi: daga takwas zuwa sha biyu huɗu ne, sai a ajiye ƙaramin ɗaya kusa da ukun ƙasa ta zama huɗu, daga huɗu zuwa bakwai uku ne. Amsa 34. Duk hanyoyin biyu daidai ne.

Imke duka biyun take yi a lokaci ɗaya. Ta soke bakwai ta mai da ita shida, sannan ta ajiye ƙaramin ɗaya ta mai da uku huɗu. Shida a ɗebe huɗu saura biyu. Ga 24 ɗinki nan. Goma ɗaya ce take cirewa sau biyu.

Na bi littattafan bisa kwanan wata. A Maris tana aro, amsoshinta duk daidai, wata malama ta ja musu jan layi ta rubuta, “Ba haka muke yi a nan ba.” Ta koyi cikawa, ta iya. A Mayu kuka tsallaka wata jiha, wani malami ya soke mata shafi guda cur na amsoshi daidai, ya ce ina aronta. Daga farkon Yuni ta fara haɗa su, don duk malamin da ya duba ya tarar da tasa alamar. Na ƙirga kurakuranta na ɗebewa tun daga nan, 214, kuma 209 a ciki wannan abu ɗaya ne. Yarinyar da ta riƙe hanya biyu a ka ta kuma ƙirƙiro ta uku don a bar ta ta huta, ba wurin masu rauni ne wurinta ba.

Maganin ba wuya. Ta zaɓi hanya ɗaya da kanta, ta bar ɗayar har abada, ko wane malami ya ce me. Ki nemo kusoshi ku ɗaure goma-goma, ta kwance ɗauri da hannunta ta ga inda goman take tafiya. Lissafi biyar kullum, kada a wuce. A fara gobe, domin kowace rana hannunta yana ƙara sabawa da kuskuren.

Ki amsa mini da zarar kin karanta.

Ortwin

Goslar, 3 ga Disamba, 2003

Kawu Ortwin,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan, ko da yake na san ba ciwo ba ne, don 'yar Gwaggo Hille ta gan ka a kasuwar Marburg kana zaɓen tuffa. Mu ma da sauƙi. Ƙarfen tsakiyar lilo ya tsage a Bremen, dole muka kwance kwana biyar kafin a tashi biki muka nufi wurin gyara. Yanzu mun kafa a kasuwar Kirsimeti ta nan, sanyi kamar zai cire yatsu.

Sati shida ke nan da na aika maka littattafan, ko layi ɗaya ban gani ba. Ba sai ka rubuta ba, na fahimta. Ka buɗe, ka ga abin da ka gani a nawa, ka rasa yadda za ka faɗa wa wadda ta zage ka. Da ka faɗa kawai, na saba.

Imke ta daina rubuta lissafi gaba ɗaya. Malamar nan ta Goslar, mutuniyar kirki ce, ta zo har wurin lilo da tsakar rana ta same ni, ta ce yarinyar tana zaune tana kallon takarda har a tashi. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Mama, in ban rubuta ba, ba za a ja jan layi ba.” Jiya na tsinci littafin tafiyarta a cikin cikin agwagwar katako, inda ta cusa shi. Ita da ke tsokanar kowa, yanzu ko dankalin da take so sai an yi da gaske take ci.

Saura wata biyu. Henner ya ce in ajiye girman kai, ba ni za a kai makarantar masu rauni ba. Na yi masa masifa yini guda, sannan na ga gaskiyarsa. To ga shi na ajiye. In ɗakin yana nan, zan kawo ta ranar 27 ga wata. Tana tsoron barci in an rufe ƙofa ruf, ba ta cin kifi mai ƙaya, kuma in ta yi shiru ba fushi ba ne. Ban faɗa mata ba tukuna, ban san da wane baki zan faɗa ba. Amma ko da me za a yi, 'yata ba za ta girma tana cewa ba ta da kai ba. Ni kaɗai na isa.

Da nake neman mata akwati na ci karo da littafina na 1978 a cikin kayan Inna. Ashe ta ajiye shi duk shekarun nan. Na sa maka a ciki, da jan bironka a shafi na tara. Ka haɗa da na Imke, ka cika jeri.

Wiebke

Marburg, 6 ga Disamba, 2003

'Yata,

Kada ki faɗa wa Imke komai, kuma ki mayar da akwatin inda yake. Ba za ta zo gidana ba. Ban yi shiru ba, Wiebke! Na amsa miki tun 27 ga Oktoba zuwa Bremen, ashe kun tashi. Takardar ta yi wata guda a gidan waya, shekaranjiya ta dawo mini da hatimin “ba a karɓa ba.” Ni kuma ina nan ina cewa fushi ne ya hana ki amsawa, girman kai ya hana ni sake rubutawa. Sati biyar muka cinye wa yarinya, ni da ke. Ga takardar nan a ciki. Ajiye wannan, karanta waccan tukuna, sannan ki dawo.

Kin dawo? To.

Na buɗe littafinki a shafi na tara. Lissafi goma ne, na ja wa takwas jan layi. A kowane ɗaya akwai lambar sama da aka soke, irin aron da aka koya miki a Holan, akwai kuma ƙaramin ɗaya a ƙasa, irin na makarantunmu na lokacin. Abin Imke ne sak, har yadda kuke karkata ƙaramin ɗayan. Yana gabana ɓaro-ɓaro tun wancan Kirsimeti. Amsa kawai na duba, ban dubi aikin ba, domin ina sauri in nuna wa 'yan lilo cewa na zama wani. Da na ba shafin minti biyar da na gani.

Ba ni da uzuri. Na cuce ki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Almut ta yarda da ni, ta tafi kabari da maganata, kuma duk da haka ta ajiye littafin. Ba na neman ki yafe yanzu, akwai aiki a gabanmu.

A zaman Nuwamba na kai shafin Imke, na rufe sunanta. Ana ta gardama ko ma'aunin zai wajabta hanya ɗaya ta ɗebewa, kowa yana son tasa ta zama ita ce. Wani daga kudu ya ce, “Tamu yara sun fi ganewa, kowa ya sani.” Wata daga arewa ta ce, “Shekara arba'in muna cikawa, ba wanda ya mutu.” Na tashi da gwiwata, na ajiye shafin a tsakiyar tebur, na ce, “Ga ɗalibar da ta yi muku biyayya ku duka. Wane ne a cikinku zai ba ta maki?” Ya zaga hannu zuwa hannu, ba wanda ya yi dariya. Na nemi a rubuta layi ɗaya: yaro ya iya ɗebewa a rubuce, ya san dalilin abin da yake yi, ko da wace hanya. Na kudun ya ce za a duba. Ban sani ba ko layin zai rayu, amma duk zaman da aka kira ni sai na maimaita shi har su gaji da ni.

Na so in zo da kaina, sai dai an sa ranar aikin gwiwa 8 ga Janairu, kuma an hana ni doguwar tafiya. Saboda haka ke za ki koya mata. Kada ki ce ba ki iya ba, na ga littafinki.

Kawunki,
Ortwin

Ƙauyen hunturu, 19 ga Fabrairu, 2004

Kawu,

Sannu da jiki. Katinka daga asibiti ya iso, mun ji an yi aiki lafiya, kuma kana ba ma'aikatan jinya wahala da gyara musu rubutu. Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya, lilo yana cikin rumbu a lulluɓe, Henner yana ta shafa masa mai. Ban rubuto da wuri ba da gangan, na ce sai ina da abin faɗa.

Ranar da takardunka biyu suka zo na karanta su a tsaye cikin gidan waya, na fito na zauna a kan matakala cikin dusar ƙanƙara na yi kuka har wani tsoho ya tambaye ni wa ya rasu. Maganar yafiya ka bar ta nan tukuna. Ba na jin haushinka kamar da, iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Washegari na kwashe wa Henner kusoshi gwangwani guda, muka ɗaure su goma-goma da roba. Na ce wa Imke, “Kawuna ya ce ke ba ki yi kuskure ba, aiki biyu kike yi a wurin ɗaya. Zaɓi.” Ta ce, “In malami ya yi faɗa fa?” Na ce, “Turo shi wurina.” Ta zaɓi aro, wai ta fi son soke lamba. Satin farko hannunta yana zuwa da kansa zai ajiye ƙaramin ɗayan, sai ta zauna a kan hannun hagu tana ce wa na dama, “Kai, bari!” Biyar kullum bayan karin kumallo, ba mu tsallake ko ranar Kirsimeti ba. In ta yi nata, sai ta ba ni nawa, ta duba mini. Muguwar malama ce, Kawu, ta fi ka.

Sai ga wata sabuwa. Makarantar Malama Reimers cikawa suke yi. Na sa kwat ɗin coci, na ɗauki takardarka da littattafan biyar na je ofishinta. Ta ce, “Maman Imke, kowace makaranta da tsarinta.” Na ce, “Malama, bara makaranta ashirin da huɗu ta zauna, tsarin wacce za ta bi? So kike ki san ko ta iya ɗebewa, ko kuwa ko ta iya irin ta gidanki?” Ta haɗe rai. Na buɗe mata shafin Maris, na Mayu, na Yuni, na yi mata bayanin 72 da 38 da bakina, a kan teburinta, da fensirinta. Ni, Wiebke! Ta cire tabarau ta daɗe tana kallon shafin Mayu. Can ta ce, “Amsoshin nan ai daidai ne.” Na ce, “Shi na zo faɗa.” Ta ce to, Imke ta bi hanyar da ta zaɓa, da sharaɗin za ta bayyana aikinta da baki.

An yi gwajin ranar Talata. Ina waje a bakin shinge, na kasa zama a mota. Lissafi ashirin, ta ci goma sha takwas, biyun da ta faɗi kuma na ninkawa ne, ba ɗebewa ba. Karatu ba matsala. Rubutun hannu an ce gauraye ne amma yana karantuwa. Da aka ce ta bayyana, wai sai ta zaro ɗaurin kusoshi daga aljihu ta kwance a gaban shugabar makaranta. Za ta wuce aji biyar tare da sa'o'inta. Da ta fito na rungume ta, ta ce, “Mama, kina matse ni. Ashe na takarda da na ƙwai duk ɗaya ne.”

Kada ka saki layin nan naka na zaman kwamiti. A bikin Bremen kaɗai na san yara goma sha ɗaya masu littafin tafiya, kuma ba kowanne ke da kawu ba.

Abu na ƙarshe. Kafin in aika maka littafina na kwafe lissafin goma na shafi na tara. Na sake yin su jiya a takardar da ke ciki, ni kaɗai, Imke tana makaranta. Ban ba ta ta duba ba. Kai nake so ka duba, da jan biron.

'Yarka,
Wiebke

Marburg, 23 ga Fabrairu, 2004

'Yata Wiebke,

Gwiwa da sauƙi, ina takawa da sanda zuwa bakin titi. Na karanta takardarki sau uku, na karanta wa maƙwabciyata ma, ko ba ta tambaya ba. Ki ce wa Imke kawun mamarta ya cire mata hula. Ki ce mata kuma ta riƙe mini zakaran Baba, domin in kun kafa a kusa da nan cikin Afrilu zan zo, ko a keken guragu ne.

Layin yana cikin daftari har yanzu. An sauya masa kalma biyu don na kudun ya samu abin cewa ya gyara. Akwai zama a Maris, zan je.

Na duba takardarki. Goma cikin goma. Na bi su sau biyu, sau ɗaya da aro, sau ɗaya da cikawa, don kada wata jiha ta yi ƙorafi.

Ina mayar miki da littafinki. Ban goge abin da na yi a shafi na tara ba, bai kamata a goge ba. A ƙasansa na rubuta da biro ɗin nan dai, “Yarinyar nan tana da kan lissafi,” na sa hannu. Shekarar farko tana saman shafin da rubutunki, 1978, ta yau tana ƙasa da nawa. Ki ɗebe da kanki ki ga shekara nawa na makara.

Kawunki,
Ortwin